Tashin Jirgi Maras Matuƙi a Ƙarƙashin Kwano, Kusa da Filin Jirgin Kano

Daga Fanisau zuwa Dawanau, sitoci sai ƙaruwa suke yi a tsakanin gonaki, haka ma ɗakunan taron biki. Wannan ya samar wa samari masu ɗaukar hoto sabon aiki. Mai sito yana so a duba masa inda kwano ya huje kafin ruwan farko, ba tare da an kafa tsani ba, ko a ɗaukar masa tarin buhunan riɗi da zoɓo daga sama ya tura wa mai saye. Dangin amarya kuma suna so a ɗauki shigowarta ta saman kawunan mutane. Sai mai hoto ya ajiye ɗan jirginsa a tsakiyar sito, ya danna, farfela ta ƙi juyawa, waya tana nuna masa cewa wurin haramtacce ne. Wani lokacin ma abin ya fi haka muni: jirgin ya tashi lafiya lau, yana matsawa kusa da ƙofa sai ya soma sauka da kansa a kan kayan mutane, ana jan rimot ba ya ji.

Jirgin bai lalace ba. Ya gano cewa yana maƙwabtaka da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kuma bai san akwai rufi a kansa ba.

Inda manyan jiragen suke bi

Wannan fili shi ne mafi daɗewa a Najeriya. A 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, zirga-zirgar fasinja kuma ta kankama a 1936, lokacin da wurin yake bayan gari. Yau gidaje sun kewaye shi. Ba fasinja da alhazai kaɗai ke amfani da shi ba. Sojojin sama ma a nan suke, har da makarantarsu ta horas da matuƙa, kuma masu koyon tuƙi kan yi ta kewaya fili ƙasa-ƙasa.

Babban titin jirgin ya ɗara kilomita 3, lambarsa 06/24. Lambobin alƙibla suke nunawa: baki ɗaya yana kallon arewa maso gabas, ɗayan kudu maso yamma. Ka miƙa layi daga bakin kudu, zai nufi wajen Gwammaja da Dala. Ka miƙa daga ɗaya bakin, zai ratsa gonakin Ungogo ya wuce tsakanin Minjibir da Gezawa. Jirgi kuwa iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. Saboda haka da damina, lokacin da iska ke busowa daga kudu maso yamma, galibi ta kan karkarar arewa maso gabas jirage ke gangarowa. Da hunturu kuma ta nan suke tashi.

Akwai ɗan lissafin da ya kamata kowane mai tuƙa jirgi maras matuƙi a wannan yanki ya haddace. Jirgin da zai sauka yana gangarowa ne a karkace da digiri 3, wato kimanin mita 52 a kowace kilomita. In ya rage kilomita 5 ya taɓa ƙasa, bai kai mita 300 a sama ba. In ya rage kilomita 2, yana wajen mita 120 ne. Mita 120 ɗin nan kuwa, ƙafa 400 ke nan, ita ce iyakar tsayin da aka saba yanka wa ƙananan jirage marasa matuƙi. To ka ga a bakin titi babu wata rata tsakaninka da jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane. Kanawa ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da faɗuwar jirgi a kan unguwa ke nufi. Sun gani a Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, duk da cewa sanadin wancan daban ne.

Shingen da ke cikin manhaja

Yawancin jiragen da ke hannun masu hoto na kamfanin DJI ne, na ƙasar Sin. Tun 2013 kamfanin ya fara saka taswirar filayen jirgi a cikin kwakwalwar jiragensa, ta yadda jirgi zai duba inda yake ta tauraron ɗan'adam, ya kwatanta da taswira, in ya ga yana cikin shinge ya ƙi tashi. Abubuwan da suka biyo baya sun sa aka ƙara tsaurarawa: wani ɗan jirgi ya faɗa a harabar fadar shugaban Amurka a Janairun 2015, sannan a Disambar 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya tsayar da filin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi kimanin 1,000.

A taswirar da ke cikin manhaja, kamar yadda take zuwa 2025, launi ne ke magana. Ja shi ne haramci, jirgi ba zai kunna ba, in kuma yana sama ya shiga zai sauka. Toka-toka yana barinka ka tashi amma ya yanke maka tsayi. Shuɗi yana neman ka buɗe da asusunka, ka ɗauki alhaki. Ruwan lemo da rawaya gargaɗi ne kawai. A kewayen manyan filaye, shingen ba da'ira ba ne kamar da. Ƙirar kalangu gare shi, siriri a kan titin jirgi, yana buɗewa a bakunan biyu. Shi ya sa wani sito da ke gefen fili zai bar ka ka tashi, wani da ya fi shi nisa amma yana kan layin sauka ya hana ka.

Wannan tsari yana sauyawa. A Janairun 2024 kamfanin ya sassauta shingen a Turai, a Janairun 2025 ya yi haka a Amurka, inda wuraren da ke hana tashi suka koma gargaɗi kawai, aka mayar da alhaki wuyan matuƙi. Abin da jirginka zai yi a Kano ya danganta da samfurinsa da kuma ranar da aka sabunta manhajarsa. Don haka kar ka dogara da abin da abokinka ya gani bara. Buɗe taswirar FlySafe ta kamfanin, nemo ginin, ka ga launin da ke kansa yau.

Amma ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Shingen nan na kamfani ne, ba na gwamnati ba. In ya buɗe maka, ba izini ya ba ka ba. In ma an wayi gari babu shingen kwata-kwata, doka tana nan inda take.

Wa ke da iko da sama

A watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba wanda zai tayar da jirgi maras matuƙi a sararin Najeriya sai da izininta da kuma tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wannan ofishin ne kuma ke ba da takardar shaidar mai amfani da kaya, wadda ake nema kafin a shigo da jirgin ƙasar. Da aka sake fasalin ƙa'idojin sufurin sama a 2023, an ware musu sashe guda, kashi na 21, wanda ya ƙunshi rajistar jirgi da shaidar matuƙi da lasisin mai sana'a. Masu hasumiya, waɗanda ke magana da matuƙa ta rediyo, ma'aikatan hukumar NAMA ne. Ginin fili da harabarsa kuma na FAAN. Yana da kyau ka bambance su, domin takardar da ka kai ofishin da ba nasa ba kwana take yi a aljihun tebur. Abin sha'awa ma, a taswirar sufurin sama ta duniya, sararin Najeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa.

To ina matsayin cikin gini? Hukumomin Amurka da Ingila sun fito fili sun ce wurin da ke rufe ruf, wanda jirgi ba shi da ta inda zai fita, ba ya cikin sararin da suke kula da shi. Hankali ya yarda da wannan: jirgin Jidda ba ya bi ta cikin sito. Sai dai kar ka ɗauki hukuncin Amurka ka tsaya kafa hujja da shi a gaban jami'in tsaro a Ungogo. Rufi yana raba ka da jirage, ba ya raba ka da tambayar ina ka samo na'urar, wa ya ba ka izinin mallakarta, me kake ɗauka a kusa da sansanin soja. A ƙasar da aka ayyana sararin Zamfara baki ɗaya a matsayin haramtacce ga jirage a Maris ɗin 2021, ba a ɗaukar wannan na'ura a matsayin abin wasa, komai ƙanƙantarta. NCAA tana da ofishin shiyya a Kano. Rubuta musu, ka bayyana cewa aikin na cikin rufaffen gini ne, ka karɓi amsa a rubuce.

Sannan a fahimci me ake nufi da rufaffe. Tsakar gida ba rufaffen wuri ba ne, komai tsayin katanga. Rumfar biki ba rufaffiya ba ce. Kangon da ba a buga wa kwano ba, shi ma a'a. Sito mai ƙofar tirela a buɗe hanhai, ko mai rata tsakanin bango da rufi don shan iska, rabi da rabi ne, kuma rabin da ke buɗe shi ne abin tsoro. Ma'aunin guda ne: in jirgin ya ƙwace maka, akwai ta inda zai fita? In akwai, ka rufe, ko ka ɗaura raga, ko ka ɗauki aikin a matsayin na waje.

Yadda ake neman buɗewa

Fara da takarda, manhaja daga baya. Mutane da yawa suna juya wannan, sai a mayar musu da buƙata.

Ka je wurin da rana tsaka kafin ranar aiki, ka ɗauki lambobin wurin da wayarka a bakin ƙofa, ka kimanta tsawo da faɗin ginin da tsayin rufinsa. Ka samo wasiƙa daga mai wurin mai ɗauke da sunansa da sa hannunsa, tana cewa shi ya kira ka, ga aikin, ga ranaku, kuma a cikin gini ne. Da ita da takardun jirginka za ka tunkari hukuma. Ka ba wa abin lokaci. Wanda ya zo ana jibi ɗaurin aure ya makara.

Ga yadda tsarin buɗewa na DJI yake zuwa 2025. In ginin yana cikin shuɗi, abin da sauƙi. Asusunka na DJI ya kasance an tabbatar da shi da lambar waya, manhaja za ta tambaye ka ko ka ɗauki alhaki, ka amsa, ta buɗe na ɗan lokaci. In yana cikin ja ko toka-toka, sai ka shiga shafin FlySafe ta kwamfuta. A can za ka yi rajistar jirgin da lambar kwakwalwarsa, wadda ke cikin manhaja a shafin bayanin na'ura. Kar ka kwafi ta jikin kwali ko ta rimot, nan ne aka fi yin kuskure. Za ka zana da'ira a kan ginin, ka faɗi tsayi da ranaku, ka ɗora takardun izini.

Shawarata a nan: nemi kaɗan. Da'irar ta rufe ginin da ɗan ƙari saboda karkacewar GPS, tsayin kuma ya ɗan wuce rufi, shi ke nan. Wanda ya ce aikinsa a cikin sito ne amma ya nemi mita 100, shi ya ƙaryata kansa.

In an amince, lasisin ba ya shiga jirgi da kansa. Sai ka haɗa jirgi da rimot da waya, da asusun da ka nema da shi, ka sauke lasisin, ka tura shi cikin jirgin, ka kunna shi. Wannan yana buƙatar intanet, don haka ka gama shi a gida inda sabis ke da ƙarfi, ba a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi ba. Lasisin na jirgi ɗaya ne da asusu ɗaya. In ka aro jirgin wani ranar aiki, ko ka canza waya ka shiga da wani asusu, ka koma farko.

Akwai masu naɗe saman jirgi da takardar alminiyam don ya kasa ganin tauraro, da masu sa wa jirgi manhajar da aka yi wa kutse. Ka nisanci duka biyun. Jirgin da aka makantar, in ya fita ta taga, ba shi da hanyar dawowa kuma ba abin da zai tsayar da shi. Ranar da aka kama shi kuma, alminiyam ɗin ce shaidar cewa da gangan ka yi.

Abin da kwano ke yi wa jirgi

A waje, jirgi yana tsayawa cak ne saboda yana jin taurari da yawa. Kwano yana tare wannan sigina, amma ba duka ba. Tana shigowa ta ƙofa, ta taga, ta falankin roba mai haske da ake sakawa a rufi. Wannan shi ne sirrin jirgin da ya tashi lafiya sannan ya sauka da kansa: a tsakiyar sito bai san inda yake ba, da ya zo bakin ƙofa ya samu taurari, ya ga ja, ya bi umarni. Shi ya sa ake neman buɗewa ko da jirgin yana kunnawa ba tare da ita ba. Siginar da ta daddaki kwano ta dawo kuma ƙarya take yi, tana iya sa jirgi ya zabura gefe yana neman gyara matsayin da bai ɓace ba.

In babu tauraro, da idanun da ke cikinsa yake kallon ƙasa ya tsaya. Idanun nan suna son haske da ƙasa mai zane. Daɓen siminti mai sulɓi, tayil mai sheƙi na ɗakin biki, fitilun rawa masu walƙiya, duhun lungun sito, duk suna rikita su. In sun gaza, jirgin yana komawa yanayin da allo ke rubuta ATTI, inda yake riƙe tsayi kawai amma yana sulalewa duk inda iska ta tura shi, ba birki. Wanda bai taɓa tuƙi a wannan yanayi ba, kar ya fara koyo a kan kan amarya. Shimfiɗa tabarma mai launi ko buhu mai rubutu a wurin tashi yana taimakawa, amma a danne gefunan da dutse, iskar farfela na ɗaga su. Ka kuma karanta littafin samfurinka: da yawa suna rage tsayi da kansu in sigina ta yi rauni, wasu zuwa mita 3 ko 5, wasu 30.

Rodin da ke cikin daɓe da ƙarafan rufi suna ruɗa kamfas. In allo ya ce a daidaita kamfas, kar ka daidaita a ciki. Fita fili nesa da mota da ƙarfe, jirgi a hannu, ka yi a can. In ya ci gaba da kuka a ciki, ɗora shi a kan teburin katako ya tashi daga nan.

Saitin da ya fi kashe jirage a cikin gini shi ne na komawa gida, RTH. An tsara shi ne in jirgi ya rabu da rimot ya hau sama tukuna sannan ya dawo. A ƙarƙashin rufi, hawa sama karo da kwano ne. Canza shi zuwa tsayawa a wuri ɗaya, kuma ka sauka tun batir bai yi ƙasan da jirgi zai yanke wa kansa hukunci ba. Sa wa farfela kariya. Kar ka matsa dab da rufi ko bango, domin iskar farfela tana tsotso jirgi zuwa gare su. A kashe fankoki, a kula da wayoyin lantarki da igiyoyin ado, waɗanda idon jirgi ba ya gani.

Zafi ma abin lissafi ne. Yawancin waɗannan batura an yi su ne su yi aiki zuwa digiri 40, Kano kuwa da bazara tana kai haka a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano da azahar. Yi aikinka da safe. Batirin da ya kumbura ya gama aiki.

Sito yana da nasa haɗarin da ba ya cikin littafin kamfani. Tambayi mai gadi ko an turara maganin ƙwari. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi tana fitar da iska mai kisa, mai kama wuta, mai cin jan ƙarfen da ke cikin na'ura; sai an buɗe wurin ya sha iska sosai kafin kai ko jirginka ku shiga. Inda ake niƙa ko sheƙa hatsi, ƙura ta cika iska, farfela za ta ƙara tayar da ita, ƙurar hatsi mai kauri kuma tana iya kamawa da ɗan tartsatsi. A irin wannan wuri, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In aikin ya fito waje

Sau da yawa bayan an gama ciki, mai wuri zai ce, «Ɗan ɗaga shi mana ka ɗauko ginin ta sama.» Amsar ita ce, «Alhaji, a yi haƙuri, takardar da ke hannuna ta ciki ce.» Waɗannan minti biyun su ne ke jefa mutum cikin duk abin da ya yi makonni yana kauce wa.

Can nesa da fili, wajen Bichi ko Ɗambatta ko Makoɗa, taswira za ta iya nuna maka fili fetal ba launi. Ƙa'idar ƙafa 400 da ta rashin barin jirgi ya ɓace wa ido suna nan, hazon hunturu kuma yana haɗiye ƙaramin jirgi da wuri. Jirage masu saukar ungulu na soja ba sa bin layin titi. Shirwa tana kai hari. Ƙasar nan kuma ba daji ba ce. Yanki ne da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi suna wajen nazarinsa tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'arsa, gona na jingine da gona, gawo da ɗorawa da tsamiya a tsaye a ko'ina, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ga gida ba. Kowane gida kuwa tsakarsa a buɗe take ga sama, mata na harkokinsu, katanga aka gina don idon mai wucewa. Kyamarar da ta hau mita 30 ta tsallake duk katangun unguwa a lokaci guda. Babu manhajar da ta zana wannan shinge, amma shi ne wanda mutane za su fi saurin hukunta ka a kansa.

Don haka kafin ka buɗe jaka, a kai ka wurin mai unguwa, in aikin babba ne har gaban dagaci. «Ranka ya daɗe, gonar wane aka ce in auna, daga nan zuwa can, ba zan bi ta kan gidaje ba.» Ka roƙi a haɗa ka da wani ya tsaya kusa da kai yana ganin abin da allo ke nunawa. Ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, ka riƙe kwafin takardunka a jaka, ba a waya kaɗai ba.

In kuwa duk da haka jirgi ya kuɓuce ya fita a kusa da filin jirgi, kar ka tsaya bin sa da gudu. Ja sandar sauka ƙasa ka riƙe; gara ya faɗa gona ya karye. In ya daina jin rimot, duba agogo, lura da inda ya nufa da tsayinsa da sauran batirinsa, ka kira lambar da ka karɓa daga jami'an fili lokacin neman izini, ka faɗa musu waɗannan huɗun. Da su mai hasumiya zai san ko ya dakatar da jirgin da ke tahowa, da kuma na minti nawa.